Gashin Mawaƙin Japan

Limawa, Dutse, daminar 1946. Talata, hantsi

An buɗe mini akwati. Ni Muntaka, kofur, da na yi shekara uku a Burma babu wanda ya taɓa zura hannu a jakata, sai da na dawo gidan ubana aka yi mini. Ruwan jiya ne ya huda rufin ɗakina ina gona, sai Lauratu matar Yaya Falalu ta shiga, wai za ta kwashe kaya kada su jiƙe. To, an gode. Amma ruwa ne ya ce ki ɗaga murfi? Ruwa ne ya ce ki kwance ƙunshin da ke ƙarƙashin kakina?

Ga abin da ta gani: farin ƙyalle, a cikinsa gashin mutum cikin tafin hannu, da yankakken farce, da takarda mai rubutun da ba wanda zai iya karantawa a ƙasar nan, da hoto guda. 'Yarsu Luba kuwa kwananta huɗu a kwance, zazzaɓi har da shiɗewa. Kowa a Dutse ya san abin da ake yi da gashi da farce in an ƙulle su wuri ɗaya. Kafin in ajiye fartanya an gama yanke mini hukunci: na ɗauko sammu daga Burma na kawo wa 'yar ɗan'uwana.

Yaya ya ƙwace ƙunshin ya kulle a adakar littattafan marigayi Baba. Ina rubuta wannan da bokon da na koya a soja, a ragowar littafin bariki, don duk gidan nan ajami kaɗai suka iya. Su buɗe wannan ma in sun ga dama.

Talata, bayan La'asar

Na same shi a zaure yana fiƙe alƙalami. Na durƙusa kamar yadda ya kamata, na ce, "Yaya, amana ce. Gashin wani mutumin Japan ne, fursuna, da ya mutu a hannunmu. Su haka suke yi: in mutum ya mutu nesa da gida, a kai wa uwarsa gashinsa da farcensa ta binne, ta san ta yi wa ɗanta sutura. Takardar nan adireshin uwar ne."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Mutumin Japan. Waɗanda aka kai ku ku kashe."

"Su."

"Shi ne ka goyo gashinsa tun daga bangon duniya." Ya zaro hoton daga aljihu ya jefa gabana. "Wannan ce mutumin?"

Hoton Sakichi ne, mai gashin, cikin kayan wasa: fuska fara fat, gashi a tattare sama da tsinkaye, doguwar rigar mata, mafici a hannu. Na ce namiji ne, mawaƙi ne kuma ɗan wasan kwaikwayo, sana'arsa ke nan, yana fitowa a mace. Ashe gara da na yi shiru. Yaya ya yi salati, ya ture hoton da gindin alƙalami kamar kashin kaza, ya ce da karuwa ce ma da sauƙi.

Ya ce ƙazantar nan ba za ta shiga azumi a gidan da ake karatun Alƙur'ani ba. Saura sati uku a ga wata, kafin nan za a ƙone ta. Na ce a haɗa da ni a ƙone. Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Laraba, bayan Asuba

Tunda ba mai saurara, zan gaya wa takarda.

Sunansa Sakichi Onodera. Muna gadinsu a wani sansani kusa da Rangun bayan Japan ta ajiye makami. Ɗan siririn mutum ne, in ka hango shi da buhun shinkafa sai ka ce buhun ne ke tafiya da kansa. Hirarmu da guntun Turancin bariki ce da nuni da hannu, in ta cije mu kira wani fursuna mai tabarau da ke yin tafinta.

Ɗan masunta ne daga wani ƙauyen bakin teku a arewacin ƙasarsu. Teku ya cinye ubansa yana ɗan shekara tara. Uwar ta rasa yadda za ta yi da baki biyar, ta ba da shi ga wasu 'yan wasa masu yawo gari gari, irin 'yan kama masu barkwanci na ƙasarmu, amma su da labule da fitilu. Shekara huɗu bai furta kalma ɗaya gaban jama'a ba, sai ɗaukar ganga da wankin riguna. Maigidansa ya riƙa maƙala masa takarda tsakanin gwiwoyi ya ce yi ta tafiya, in ta faɗi sai sanda. Da haka ya koyi tafiyar mata. Ya taɓa nuna mini a cikin taɓo, da tsumma a jikinsa da kwarkwata, wallahi mace na ga ta wuce ta gabana, har na kau da kai.

Wannan mutumin ne matar Yaya ke cewa bokana ne.

Alhamis, Azahar

An ware mini kwano da moɗa.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

A sahu, wanda ke damana ya matsa har iska na ratsa tsakaninmu. Mutumin da na ba bargon soja sabo fil ranar da na dawo! Labari ya gama Limawa, ya haura unguwar Garu. Wai na yi wa gidan malamai asirin Japan don in gaje makarantar Baba. Makaranta? Ni da ko izu goma ban riƙe ba, me zan yi da ita, in koya fareti?

Inna ta ci gaba da harkokinta. Ita kaɗai ce ba ta daina cewa, "Auta, ka ci abinci?" ba. Amma ita ma ba ta fito ta ce ƙarya ake yi mini ba, wannan kuwa ya fi ci mini rai.

Suna cewa in da gaske amana ce, me ya hana ni aikawa wata uku cur? Na je mana! Sati na biyu da dawowata na hau mota har Kano, na tsaya a gidan waya da kuɗin kan sarki a hannuna. Akawu ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce ba a karɓar saƙon Japan tukuna, in dawo bayan Sallah, lokacin a nemo wanda zai juya adireshin zuwa Turanci. Bayan Sallah nake jira, su kuma sun ce kafin azumi.

Asabar, La'asar

Ji wani iskanci. Ɗanmusa mahauci ya biyo ni bayan kasuwa yana waige waige, ya ce, "Kofur, an ce naka ba ya tashi. Akwai wani da ya tsone mini ido a layin fawa, ko nawa ne zan biya." Na damƙi wuyan rigarsa. Na sake shi. Na sake shi da wuri, Allah ne shaida.

Lahadi, bayan Azahar

Waƙar Sakichi ta hana ni sakat yau a gona. Ban san ma'anar kalma ɗaya a cikinta ba, amma bakina ya riƙe ta.

Yana ɗan shekara ashirin wani mai gidan wasa a birnin Osaka ya ji muryarsa ya karɓe shi daga hannun maigidansa. Nan ya yi suna. An ɗauki waƙarsa a faifan garmaho har uku. Ɗaya daga ciki, ta wani jirgin kamun kifi da bai dawo ba, ya ce har masu tura amalanke suna rerawa a titi. Ya fito a silima sau biyu, na farko a mace mai sayar da shayi, na biyu a ɓarawo. Ya ce ya fi son ɓarawon don a nan ne aka bar shi ya yi gudu. Da faifansa na farko ya fito ya aika wa uwarsa da garmaho, a ƙauyen da ba a taɓa ganin irinsa ba, in ta kunna maƙwabta su cika gida har ƙofa. Amma ita ba ta taɓa ganinsa a dandali ba ko sau ɗaya.

Da yaƙi ya zo aka kwashe su su riƙa yi wa sojoji wasa. Da sojoji suka yi ƙaranci aka karɓe mafici aka miƙa masa bindiga. Ya ce bai taɓa samun kowa ba, shi dai ya iya fitowa a soja.

A sansani ya haɗa wasa ranar hutu: gashi da zaren buhu, farin fuska da garin shinkafa, riga da gidan sauro. Na ga ƙarti ɗari huɗu, waɗanda suka sa muka sha wuya a daji kamar ba gobe, suna kuka kamar an yaye su. Mu masu gadi muka jingine bindigogi muna kallo. Saje Barau, babbanmu, ya ce in da a Kano ne da an yi wa wannan riga da doki.

Wata rana ya tambaye ni me uwata take rerawa in tana niƙa. Na rera masa da muryar jakin nan tawa. Sau ɗaya ya ji, ya mayar mini da ita, har da nishin da ake yi in an tura dutse. Bai taɓa ganin Inna ba, amma Inna na ji.

Ba zan rubuta sauran ba.

Litinin, bayan Asuba

Luba ta sake shiɗewa. Lauratu ta zo ƙofar ɗakina ta zube cikin taɓo, ta ce, "Don girman Allah, Kofur, in ni na yi maka laifi ka kama ni, ka kwance wa yarinyar nan."

Yarinyar da ke hawa wuyana tana jan kunnena! Na ce, "Zazzaɓin damina ne, na ga irinsa ɗari. Akwai ƙwayar soja rawaya a akwatina, a ɓantara a ba ta." Ta ja da baya kamar na miƙo mata maciji. Na daka mata tsawa. Muryar fareti ce ta fito, har kaji suka watse, hannuna ya tashi sama da kansa. Ban taɓa ta ba. Na kalli hannun, na tura shi aljihu. Na san hannun nan.

Laraba, hantsi

Yaya ya tafi da ƙunshin Buji wurin Kawu Nata'ala, yayan Inna, wanda duk dangi ke kai wa ƙara. Da sanda ya ɗauko shi ya jefa a tsohuwar tukunya, ya toshe baki da tsumma, ya ɗaure a jaki. Mutumin da ake shiga layi a Osaka don a gan shi, ga shi a tukunyar da ko akuya ta daina sha a ciki. Tir!

Alhamis, La'asar

Luba ta sha kunu, ta tashi zaune, ta nemi gyaɗa. Alhamdu lillahi, da zuciya ɗaya na faɗa. Amma ka ji gidan nan! "Kun gani? Jiya aka fitar, yau ta tashi." Lauratu har da guɗa. Faɗuwa ta zo musu daidai da zama. Yanzu ko duk sojan Burma na jero su ba ni shaida, ba mai ji.

Asabar, Azahar

Ruwa tun safe, ba gona. Ƙafata ta hagu na ciwo, wadda ƙarfen bam ya gurza ya bar ni da ɗingishi. Ba na son a kalli tafiyata. Ban taɓa so ba.

Sakichi ya iya kwaikwayon kowa. Kyaftin da lofensa, kuku, karen sansani. Kowa.

Litinin, La'asar, a Buji

Kawu ya aiko, muka zo ni da Yaya. Tsoho ne mai sanyin magana, ya saurare ni har na dire, shi kaɗai ya yi mini haka. Tukunyar tana gefe a toshe.

Ya ce, "Muntaka, na duba gashin nan. Ba na Luba ba ne, ba ma na baƙar fata ba ne. Sammu kuwa da gashin wanda ake nufi ake yinsa. Saboda haka in akwai wanda aka cuta, mai gashin ne. Tashi ka yi alwala, ka dafa Alƙur'ani ka ce mai gashin nan bai cutu ta hannunka ba, in miƙa maka kayanka, magana ta mutu."

Na yi alwala. Na zo na durƙusa. Na miƙa hannu.

Ban dafa ba.

Yaya ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Kawu ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ya ba ni zuwa Lahadi, in ban rantse ba zai bar Falalu ya yi abin da ya yi niyya. Da cewa ya yi in rantse ban cuci Luba ba, da na dafa sau dubu. Wa ya aike shi ya juya maganar ta nan?

Talata, hantsi

Ƙarya ɗaya ce tsakanina da ƙunshin. Ɗaya tak.

Laraba, Azahar

Me ya sa ni Sakichi ya damƙa wa ƙunshin? Ga 'yan ƙasarsu ɗari huɗu a kwance kusa da shi. Tafinta ya ce ana caje su ana ƙwace komai, kuma ba wanda ya san ranar komawarsu, ni kuwa jirginmu saura kwana shida. Wannan dalilin tafinta ne. Ni na san nasa. Ɗan wasa ne, ya san inda zai tsayar da mutum a dandali ya tafi ya bar shi tsaye. Mugu ne. Wallahi mugu ne, ya ɗora mini ya kwanta abinsa.

Astagfirullah.

Alhamis, bayan La'asar

Inna ta biyo ni gona da fura, abin da ba ta yi ba tun ina yaro. Ta zauna gindin dabino ta ce, "Auta, ƙwayar nan taka akwai ɗaci. Da ƙyar na ɓoye ta a kunu."

Na tsaya da fartanya a sama. Ashe tun ranar Litinin ɗin da na yi tsawa take ɓantara wa Luba. Na ce to me ya hana ta faɗa, ana ta jifana? Ta ce, "Yayanka Malam ne babba a gidan nan, ba zan tsinka shi gaban matarsa ba. Ba wannan ya kawo ni ba. Me ya hana ka dafawa?"

Na gaya mata. Tunda baki ya faɗa, bari hannu ya rubuta.

A tashar jirgin ruwa ne, fursunoni suna sauke shinkafa. Da safen ranar aka miƙo mini wasiƙar Yaya, wadda ta yi wata huɗu a hanya, cewa Baba ya rasu. Ban gaya wa kowa ba. Lokacin hutu Sakichi ya kifa gwangwani a ka, ya saɓa sanda, ya taho yana ɗingisa ƙafar hagu yana, "Kai! Kai! Maza!" da muryata sak. Fursunoni suka fashe da dariya, namu ma suka fashe, Saje Barau har da riƙe ciki. Ya juyo wajena yana murmushi, yana jiran ni ma in yi, don na saba yi in wasu yake kwaikwayo. Na ɗirka masa gindin bindiga a haƙarƙari. Sau ɗaya. Ya zauna a ƙasa, gwangwanin ya gangara. Ba wanda ya tuhume ni, ai fursuna ne. Kwana tara ya yi yana tofar da jini.

Inna ta juya furar da ta kwanta. Ta ce, "Zuciyar nan taka, tun kana goye." Can ta ce, "Uwar tana da rai?" Na ce haka ya ce. Ta ce lokacin da aka zo aka ce rundunarmu ta ƙare a daji, wata biyar ba labari, ta riƙa shiga ɗakina tana dube dube ko za ta ga silin gashina ɗaya a matashi, ba ta samu ba. Ta tashi ta kaɗe zani, ta ce ranar Lahadi da ita za a je.

Juma'a, bayan Asuba

A kwana na takwas Sakichi ya aiko tafinta ya kira ni tantin asibiti. Na ɗauka zagina zai yi, kuma na so ya zaga. Ya riga ya yanke gashin da farcen. Adireshin da kansa ya rubuta, da baƙin tukunya da ruwan shinkafa. Na miƙa hannu ɗaya in karɓa, ya janye. Ya ce biyu. Ya sa na durƙusa, ya gyara mini gwiwar hannu, ya danna mini ƙeya ƙasa, ya koya mini wasu kalmomi da zan faɗa wa duk wanda zan miƙa wa ƙunshin. Sau goma sha ɗaya ya sa na maimaita. Mutum yana mutuwa yana gyara mini murya! Tafinta ya ce ma'anarsu ita ce abin da mutum ke faɗa in ya shiga gidansu daga tafiya: ga ni na dawo. Na ce to me ake amsawa? Sakichi ya girgiza kai, ya ce wannan ba nawa ba ne, na uwa ne.

Bai ambaci tashar jirgi ba, ko da ido.

Lahadi, bayan La'asar, a Buji

Na faɗa. Gaban Kawu, gaban Yaya, Inna na gefe a kan buzu. Na ce ba zan dafa ba, don ni na kashe shi. Na ba da labari tun daga gwangwani har tanti, ban rage komai ba.

Kawu ya ce, "Wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, akwai kaffara, za mu yi maganarta. Amma gashin ɗan Adam ba a ƙona shi, ko na wane ne. Amana kuma mayar da ita ake yi. Falalu, buɗe tukunya ka ba shi."

Yaya bai motsa ba. Na ja tukunyar na buɗe da kaina. Ga ƙyalle, ga gashi, ga farce, ga hoto. Ga takarda kuma, a yamutse, fara tas.

Yaya ya ce, yana kallon ƙasa, "Ranar da Luba ta sake shiɗewa ne. Na ga rubutu ne, na san ƙarfin irin wannan abin a rubutun yake. Na tofa Falaƙi da Nasi a ruwa na wanke shi, na zubar a bayan gari."

Ya wanke ta kamar allo. Adireshin uwar mutum!

Ban san lokacin da na kai gabansa ba. Na ga hannuna a sama, na ga wuyansa, na ga inda zan sauke. Inna ba ta yi ihu ba. "Auta," kawai ta ce. Na fita na yi ta naushin katangar Kawu har fatar yatsuna ta saɓule.

Yaya ya biyo ni waje ya tsaya nesa kaɗan. Ya ce, "Ban sani ba, Muntaka." Tun da na dawo daga Burma yau ne ya kalli idona. Na so in ci masa mutunci, kalmomin suna bakina a jere. Abin da ya fito shi ne, "Ni ma ban san duka sau ɗaya na kisa ba."

Litinin, bayan La'asar, Limawa

Wata uku a gida takardar nan tana hannuna, kullum ina cewa gobe zan kwafe ta. Gobe! Ba ni da bakin zagin kowa.

Na ɗauki allo da tawada. Na tuna alama uku: ɗaya kamar tsani, ɗaya kamar ƙofa, ɗaya kamar mutum ya ware ƙafa. Yaya ya zo ya zauna kusa da ni, ya karɓi alƙalami, shi da ya kalle ta da idon marubuci kafin ya wanke, ya ƙara biyu. Biyar cikin ashirin da wani abu, kuma ba mu san wacce ke gaba ba. Ƙauyen bakin teku a arewa, a ƙasar da aka ce ko'ina teku ne. Sunan uwar ma yana cikin ruwan da aka zubar. Tana can da garmahonta tana jira, kuma ba za ta taɓa sanin ya iso har Dutse ba.

Na wurgar da allon. Yaya ya ɗauko ya kaɗe ya jingine.

Talata, La'asar, ana shirin dubon wata

Kawu ya aiko cewa bayan Sallah zan yi azumin wata biyu a jere. Na ce ko shekara ce.

Bayan Azahar Inna ta kira ni. Ta share ɗakinta, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta ɗaura zanen da take zuwa suna da shi. Ta ce, "Ka ce ya koya maka yadda za ka miƙa." Na ce ai babu wadda za a miƙa wa. Ta ce, "Waccan ba za ta samu ba, Allah ya ba ta haƙuri. Amma ba za a bar ɗan mutane a tukunya ba. Gobe zan binne shi da hannuna gindin dabinon gona. Jeka ka shigo da shi."

Na ce, "Inna, ba fa Musulmi ba ne."

Ta ce, "Na tambaye ka?"

Na koma zaure na ɗauko ƙunshin na taho ta tsakar gida. Yaya na tsaye, Lauratu na bakin murhu da Luba a cinya, duk suna kallon ɗingishina. Na bar su suka kalla. Na durƙusa gaban Inna, hannu biyu, gwiwar hannu a ciki, ƙeya ƙasa. Na faɗi kalmomin, muryata ta karye a tsakiya. Na sake daga farko, don da yana nan da sai ya sa na sake.

Inna ta karɓa da hannu biyu, ba wanda ya koya mata. Ta ɗora a cinya, ta shafa ƙyallen, ta ce, "Sannu da hanya, ɗan nan. Ka sha tafiya."